Leɓen Agwagwa da Baƙin Galan

...ai sai ku fito! Ku fito mana, ina masu bakin? Ina Gwaggo, babbar likitar tsakar gida, mai gano cuta daga bakin murhu ba tare da ta taɓa mutum ba? Ina masu leƙe ta taga, 'yan “mu dai mun daɗe da sani”? Yau ranarku ce. Ku jawo kujera a ba ku labarin Agwagwa tun daga tushe, tunda kun saba ɗaukar zance daga tsakiya ku gudu da shi.

Agwagwa dai ba shi ne sunan da Baba ya raɗa masa ba. Ƙafa ce ta jawo masa. An haife shi da ƙafa mai faɗi, ba tsawo ba fa, faɗi, yatsun a baje kamar kowanne ya yi faɗa da ɗan'uwansa. In yana tafiya sai ya riƙa karkata nan, ya karkata can. Yayarsa ta fari, wadda ta goya shi har bayanta ya ƙage, ta sha yawon kasuwa da shi ana neman takalmi. Wani mai shago ya gwada, ya gwada, gumi ya karyo masa, ya ce, “Yarinya, kai shi wurin kafinta.” A makaranta kullum sai ya sha bulala saboda silifas. Da Baba ya gaji, sai ya kama hannunsa ya kai shi wurin tsohon mai gyaran takalmi na bakin mararraba, ya ce, “Ga shi nan. Ko bai koyi komai ba, ya koyi rufe ƙafarsa.”

To Allah ba ya halitta a banza. Tsohon nan in an kawo masa takalmin da ya matse, sai ya cusa masa katako, ya yi ta bugu da guduma, wani lokacin ma fatar ta yage. Agwagwa kuwa wata rana ya duba wani takalmi, ya duba ƙafarsa, ya cusa ta ciki da ƙyar, ya taka zuwa gida, washegari ya tako ya dawo. Takalmi ya miƙa wuya. Mai shi ya sa, ya ce kamar a ƙafarsa aka ɗinka. Shi ke nan sana'a ta samu. Ƙafar da aka yi wa dariya ita ta zama injin shagon. Da tsohon ya rasu, Agwagwa ya gaji rumfar da bencin da akwatin ƙusoshi, kuma tun daga ranar ba a taɓa ganinsa ya dawo gida da takalminsa ba. Kullum na wani ne a ƙafarsa. Yana cewa, “Tafiya ba aiki asarar ƙafa ce.” Kusan iyakar maganar da yake yi ke nan a wuni, don mutum ne da sai ka yi masa tambaya uku kafin ka samu “to” guda.

Ba taba, ba yawon majalisa, shayinsa ma sai an tsinka masa da ruwa. Ya yi aure, matarsa tela ce, kekenta na nan bakin taga. Baba ya ba su ɗakin ƙarshe, na kusa da famfo. Agwagwa ya yi masa siminti da hannunsa, ya sa raga a taga, ya kafa kanta, ya faɗaɗa ƙofar don keken ɗinki ya shige. Wannan faɗaɗa ƙofar, ku riƙe ta, za a dawo kanta.

Sai Gwaggo. Ƙanwar Baba ce, ta zo gidan ne ta yi “ɗan kwana biyu” tun Agwagwa yana rarrafe, har yau kwana biyun bai cika ba. Tana sayar da ƙanƙara, kuma babban burinta a duniya ta sayi ƙatuwar firiza, irin mai murfi a sama. Sai dai ƙofar ɗakinta ƙarama ce. Duk gidan ƙofa ɗaya ce firiza za ta shiga.

Ana nan, sai wani kamfani ya canza wa masu gadinsa kaya, aka ce kowa takalminsa ya zama baƙi. Su kuwa duk nasu ruwan ƙasa ne, sababbi, ga matsi. Aka kwaso su buhu guda aka jibge wa Agwagwa: a rina, a buɗa. A daidai lokacin mai kawo masa kaya a babur, mai gam da zare da man goge takalmi, ya sauke masa wani galan da ba takarda a jikinsa.

“Wannan ba irin na kwalba ba ne,” in ji shi. “Na kamfani ne. In ya kama fata, sai dai fata ta mutu ta bar shi.”

Agwagwa ya buɗe. Wari ya doke shi, kamar kifin da ya kwana a rana. Ruwan yana da maiƙo-maiƙo. Ya gwada a wata tsohuwar fata, baƙin ya shige ciki nan take, ya fito da sheƙi. Ya ce, “To.”

Kun san mutumin da aiki. Wani zai shafa bayan takalmin kawai ya miƙa wa mai shi. Shi har ciki yake rinawa, har ƙarƙashin harshen takalmin, wai kar mai shi ya cire a gaban mutane a ga ja a ciki. Kuma ba ya jira ya bushe, don ya ce fata tana da laushi ne ta fi jin magana. Safa kuwa sai ya cire ta ya ninke a aljihu, saboda matarsa tana da tsohon ciki, ba ya son ta durƙusa tana cuɗar baƙin rini. Haka zai zura ƙafa tsirara cikin jiƙaƙƙen takalmi, ya kama hanya cikin rana, ƙafa na gumi, takalmi na ƙara.

Ranar farko kai ne ya sara masa. Rana ta biyu ya ji hanya tana lilo. Da ya shigo gida, matarsa ta ɗago daga keke ta ce, “Me ka sha?”

“Ruwa.”

“Ruwan me? Dubi bakinka.”

Ya ɗauki madubinta. Leɓe ya yi shuɗi-shuɗi, kamar na wanda ya tsotsi biro. Farce ma haka. Gefen kunne ma haka. Ya wanke da sabulu, ya goge da tawul, launi yana nan daram, don ba a sama yake ba, daga ciki yake. A ransa ya ce shi ke nan, zuciya ce. Haka bakin tsohon maigidansa ya yi gab da zai tafi. Ya dubi cikin matarsa, ya ajiye madubi, ya ce, “Sanyi ne.” Ana tsakiyar zafin da kaza ke buɗe baki, wai sanyi ne.

Daga nan sai ya ɓullo da dabara, irin dabarar da sai marar magana ke yi. In jiri ya kama shi a hanya, ba zai shigo gida yana tangaɗi a tsorata mai ciki ba. Sai ya zauna ya huta tukuna. Ina ne wurin zama mai inuwa a hanyar? Kan kwalbatin bayan gareji. Su wa ke zama a kan kwalbatin bayan gareji? Duk unguwa ta sani. 'Yan shaye-shaye ne, masu jan ido, masu magana da bango. Suka matsa masa wuri cikin mutunci. Ɗaya ma ya leƙa fuskarsa ya ce, “Oga, wannan naka a ina ake samu?”

Wa zai wuce da kular ƙanƙara a ka? Gwaggo.

Kafin ya iso gida labari ya riga shi, har ya yi wanka ya canza kaya. Gwaggo ta tsaya tsakar gida, hannu a ƙugu. “Ni dai ban ce komai ba. Amma abin da babba ya hango, yaro ko ya hau bishiya ba zai gani ba. Shiru-shirun nan dama ni bai taɓa kwanta mini ba. Tafiyar nan tasa ta karkace, tun yana yaro na ce akwai magana.”

Yayarsa ta ce, “Gwaggo, da ita aka haife shi.”

“To ai kin ji! Abin tun asali ne.”

Daga ranar komai ya zama shaida. Ya yi tangaɗi, shaida. Yana warin kifi, ai haka sabuwar ƙwayar take wari, wata wadda ɗan maƙwabcin ƙanwar mijinta ya sha ce ta faɗa wa Gwaggo. Ranar da ba ya fita aiki bakinsa ya washe, ya koma daidai, har ya ci abinci da yawa, nan ma shaida ce: “Kun gani? Yau bai je wurin abokan nasa ba.” Ƙafarsa kuwa baƙa ƙirin har idon sawu, kullum yana wanke ta a bakin famfo a gaban kowa, ba wanda ya ce uffan. Mai rini da baƙar ƙafa, ina abin kallo? Masu ilimin tsakar gida sama suke duba.

Maƙwabta suka fara janye yaransu in ya wuce. Masu kawo gyara suka fara aikowa da “a bari tukuna.” Shi kuwa bawan Allah yana ta rina takalman masu gadi, yana ta takawa, yana lissafin ko zai ga abin da matarsa za ta haifa.

Baba tsohon direban babbar mota ne. Abin alfaharinsa a duniya guda ne: ya yi shekaru a kan titi, abokansa na haɗiyar abin hana barci, shi ko sau ɗaya bai taɓa ba. Kunnensa ya yi nauyi saboda ƙarar inji, amma wannan zancen ya shiga tsaf. Ya sa aka kira Agwagwa. Ya zo ya durƙusa, leɓe shuɗi, ido na lumshewa.

“Kana sha?”

“A'a, Baba.”

“To mene ne wannan a bakinka?”

Matarsa na tsaye bakin ƙofa riƙe da ƙugu. Ya dube ta, ya sunkuyar da kai. Ya faɗi zuciya ce a gabanta? Gara a ce masa mashayi.

Baba ya ce, “Gobe yayarka za ta kai ka asibiti a auna jininka. In aka samu ko ɗigo, ka kwashe kayanka ka bar mini gida. Kuma ran da na mutu kar ka taɓa gawata. Na gama.”

Tun daga lokacin Baba bai ƙara kiransa da “ɗana” ba. Sai “wancan.”

Da yamma aka ga Gwaggo a ƙofar ɗakin ƙarshe da igiyar shanya a hannu, tana gwada faɗin ƙofar. Matar Agwagwa ta ce, “Gwaggo, lafiya?”

“Lafiya lau, 'yar nan. Gizo-gizo nake cire muku.”

Da igiya. A kwance. Allah ya saka wa Gwaggo da alheri, mai taimakon masu ciki.

Washegari aka kama hanyar asibiti. Ku ce me ya sa a ƙafa? Takalmin mai gadi, wanda ya rina da sassafe, yana ɗiga. Yayarsa ta ce, “Don Allah yau ɗaya ka sa silifas.” Ya ce, “Asibiti da nisa. Tafiya ba aiki...” Ta ce, “Rufe mini baki.” Gwaggo ma ta biyo, wai don kar a sayi likita.

Layi ya yi tsawo, rumfar kwano, zafi kamar tanda. Kafin a kira su Agwagwa ya zame daga benci ya zube. Aka kwashe shi aka yi ciki. Nas ta soka allura ta ja jini, sai ga jini ya fito ba ja ba, ruwan ƙasa, kamar an dama cakulan. Nas ta ce, “Kai!” ta fita da gudu.

Gwaggo ta dafa ƙirji. “Har jinin ya ƙone. Ni dai na faɗa.”

Likitar ta shigo, 'yar siririya da tabarau, ba ta kai Agwagwa shekaru ba. Ta duba leɓe, ta duba farce, ta ɗaga jinin ta kalla. Sai ta tsaya tana shinshina iska.

“Mene ne ke wari haka?”

“Ƙwaya ce, likita,” in ji Gwaggo. “Sabuwar fitowa.”

“Mama, ɗan ba ni wuri.” Ta bi warin da hanci, daga kai, zuwa ƙirji, har ta dire a ƙafa. Ta taɓa takalmin, yatsan safar hannunta ya yi baƙi. “Wane aiki yake yi?”

Yayarsa ta zayyana mata komai, da rinin, da buɗa takalmi da ƙafa, da safa a aljihu.

“Ku cire masa! Yanzu! A kawo ruwa da sabulu, a wanke ƙafar nan har sai hannu ya gaji.”

Takalmin da ƙafar Agwagwa ta shiga ba ya fita da lallashi. Nas biyu suka ja, yayarsa ta riƙe kafaɗa, da ƙyar ya fito da ƙara kamar an buɗe kwalba. Aka sa masa abin shaƙar iska. Sannan likita ta kawo wata allura, ruwan cikinta shuɗi ne shar. Gwaggo ta ce, “Ikon Allah. Mutum ya yi shuɗi, a ƙara masa shuɗi? 'Yar nan ta gama karatun kuwa?” Ba a jima ba leɓen ya fara komawa irin na mutane. Agwagwa ya buɗe ido, abin da ya fara cewa shi ne, “Ina ɗaya ƙafar takalmin? Na mutane ne.”

Da ɗakin ya rage mutane, ya jawo hannun rigar likita, ya yi ƙasa da murya. “Likita, zuciyar ce ko? Kar ki faɗa wa matata.”

“Wa ya ce maka zuciya? Zuciyarka ta fi tawa lafiya. Ina zargin rinin nan ne. Amma zargi ba shaida ba ne. A kawo mini galan ɗin, in aika da shi da jininka da fitsarinka babban ɗakin gwaji. Har gwajin da babanka ke so za a yi. In sakamako ya fito zan kira.”

Aka sallamo shi, aka hana shi taɓa galan. Aka dawo aka faɗa wa Baba. Baba ya ce, “Ita da bakinta ta ce zargi. Ni ma zargi nake. A jira waya.” Ko kallon inda “wancan” yake bai yi ba.

Kwanakin jiran nan, kar Allah ya maimaita. Allurar likita ta sa fitsarinsa ya koma kore-kore, kamar yadda ta gargaɗe su tun a asibiti. Gwaggo, wadda ba abin da ke wuce ta ko a makewayi, ta fito tana tafa hannu: “Yanzu kuma ta ƙasa yake fita!” Bakinsa ya washe sarai, ta ce ai don an sa masa ido ne. Matarsa ta naɗe labule, ta ɗaure tukwane a zani, ta cire kan keken ta sa a kwali, tana yi tana share ido da gefen mayafi. Agwagwa na zaune bakin ƙofar da ya faɗaɗa da hannunsa, ƙafa a silifas, yatsu a baje suna shan iska karon farko tun yana yaro, yana kallon Baba yana wucewa ta gabansa kamar ya wuce turmi. Har mai sayar da firiza an gani ya zo ya leƙa ya tafi.

Sai yau da hantsi, gida cike, ana wanki, ana tsefe kai, wayar Baba ta yi ƙara. Kun san Baba da waya: saboda kunnen nan sai ya sa ta a lasifika, ya ƙure murya, ya riƙe ta nesa kamar za ta cije shi. Duk sirrin da ya shigo wayar Baba na unguwa ne.

“Wa ke magana?”

“Baba, likita ce, daga asibiti. Sakamakon ɗanka ya fito.”

Famfo ma sai da aka kashe. Agwagwa ya miƙe tsaye, ya rasa inda zai sa hannunsa.

“Ina ji.”

“Babu ƙwaya a jikinsa, Baba. Babu giya, babu komai. Abin da muka samu wani sinadari ne, sunansa anilin. Da shi ake haɗa rini a masana'anta, ba a yi shi don ya taɓa jikin mutum ba. Shi ne cike a galan ɗin. Yana ratsa fata ya shiga jini, ya hana jini ɗaukar iska, shi ya sa leɓe ke yin shuɗi, mutum ya yi ta jiri. Ta tafin ƙafa ya riƙa shigarsa.”

“Ta ƙafa?”

“Ta ƙafa, Baba. Da ya ƙara kwanaki yana sa takalman nan, da wani zancen ake yi yanzu. A gaya wa masu gadin ma kar wanda ya sa nasa, a kawo mana su. Shi kuma ya dawo mu ƙara duba shi.”

Baba ya ɗago ya nemi Agwagwa da ido, ya same shi, ya kasa riƙe kallon, ya mai da kan ɗaurin tukwanen da ke bakin ƙofa.

“Ke, kwance kayan nan,” ya ce da surukarsa. “Wa ya ce ki ɗaure? Kai kuma, ɗana, zo nan kusa da ni, ka tsaya can kamar baƙo.”

“Baba, kana ji na?” in ji waya.

“Ina jin ki, 'yata, Allah ya yi miki albarka. Amma don Allah ki sake faɗa tun daga farko, da ƙarfi. Akwai wata a nan tana neman shigewa ɗaki, kunnenta ya fi nawa nauyi.”